Laulayin Ciki da Ƙwarnafi: Taimakon da Za a Yi a Gida

A hutun da ya wuce na koma gida Birnin Tudu, na tarar an kawo Yaya wajen Inna. Cikinta na fari ne, wata biyu da 'yan kwanaki, amma duk ta rame, ko ƙamshin daddawa ta ji sai amai. Kunya kuwa ta hana ta faɗin abin da ke damunta. Mata suka yi ta shigowa dubiya, kowace da nata magani. Wannan ta ce a jiƙa mata kanwa, waccan ta ce a aika kasuwar Talata Mafara a sayo ƙwaya. Da Allah ya taimake mu, Baba ya ce a fara kai ta awo tukuna. Abin da na ji daga bakin malamar asibiti, da wanda na ƙara koyo a aji, shi nake so in gaya wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu.

Da farko dai, laulayi ba baƙon abu ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wajen mata 7 cikin 10 masu ciki suna fama da tashin zuciya ko amai. Yakan fara ne wajen mako na 6, ya tsananta a wata na uku, sa'an nan ya lafa wa yawancin mata kafin mako na 16 zuwa na 20. Turawa suna kiransa ciwon safe, amma yana iya tasowa kowane lokaci. Dalilinsa shi ne waɗansu sinadarai da jikin mace ke fitarwa don riƙon ciki. Su ke sa abinci ya daɗe a tumbi, hanci kuma ya riƙa jin warin da sauran mutane ba su ji.

Babban abin da ke tayar da shi shi ne tumbi ya zauna wayam, ko kuwa ya cika maƙil. Saboda haka maimakon a ajiye wa mai ciki malmalar tuwo uku ta tashi da su a zama ɗaya, sai a raba mata abincin kashi biyar ko shida a yini. Da asuba, kafin ta sauko daga gado, ta ɗan ci wani abu busasshe, kamar gutsuren burodi ko biskit, ta jira kaɗan, kana ta tashi a hankali. Ruwa kuma ta riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan tsakanin abinci, kada ta ɗaga kwano ta shanye gaba ɗaya. Abinci mai sanyi ya fi mai tururi sauƙin ci, don ƙamshinsa bai cika tashi ba. Shi ya sa Yaya ta fi iya shan fura da farau-farau da kunun tsamiya wanda ya huce.

Citta ma magani ce, ga ta kuwa a kowane gida. A shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin abubuwan da ta yarda a ba mai ciki don rage tashin zuciya, tare da sinadarin bitamin B6. Sai a ɗan daddaka ɗanya, a tafasa da ruwa, a sha da ɗumi. In busasshiya ce, kamar giram 1 ya isa a yini, watau wajen rabin ƙaramin cokali. Bitamin B6 kuwa akwai shi cikin ayaba da gyaɗa da wake da dankali da kifi. Waɗansu matan kuma shinshinar lemun tsami kaɗai takan kwantar musu da zuciya.

Shi ƙwarnafi, watau zafin da ke tasowa daga ƙirji zuwa maƙogwaro, ya fi matsa wa mace idan ciki ya tsufa. Akwai wata 'yar ƙofa tsakanin maƙoshi da tumbi wadda ke hana ruwan tsami mai narkar da abinci komawa sama. Sinadaran ciki suna sassauta ƙofar nan, ga kuma jariri ya girma yana tura tumbi sama. To, sai ruwan ya tsallako ya riƙa ƙuna. Mun san albarkar da madatsar ruwa ta Bakolori ta kawo mana ta tumatir da albasa da attarugu, amma mai ƙwarnafi sai ta rage su a miya, ta rage yaji, da soyayyen abu irin su ƙosai, da goro, da shayi mai kauri. In ta ga citta na ƙara mata zafin, ita ma ta bar ta. Ta ci abincin dare da wuri, a sami kamar awa 3 kafin ta kwanta. Ta kwanta ta gefen hagu, a ɗaga wajen kan gadon kamar inci 6. Kada kuma ta ɗaure zani tamau a ciki. Nono ko madara kaɗan yakan kwantar da zafin na ɗan lokaci.

Yanzu sai maganar kanwa. Gaskiya ne ruwan kanwa yana kashe zafin ƙirji nan take, abin da ya sa mata suka yarda da ita ke nan. Amma kanwa cike take da sinadarin da ke cikin gishiri, mai tara ruwa a jiki, ya kawo kumburi, ya ƙara hawan jini. Tun a shekarun 1970 likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga masu jego, suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa da wankan jego da ruwa mai tsananin zafi. Haka nan cin farar ƙasa da waɗansu ke yi don kwaɗayi ko tashin zuciya. Ƙasa tana iya ɗauke da ƙwan tsutsar ciki ko gubar dalma, mu kuwa a Zamfara mun ga abin da dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Anka da Bukkuyum a 2010. Gubar tana ratsawa daga jinin uwa zuwa ga ɗan da ke ciki.

Ƙwayar da ba likita ne ya rubuta ba ita ma abar tsoro ce. A ƙarshen shekarun 1950 an sayar wa mata a Jamus da Ingila da waɗansu ƙasashe wani magani wai shi talidomaid don laulayi. An hana shi a 1961, amma ya jawo an haifi jarirai fiye da 10,000 da naƙasa, da yawansu hannuwa ko ƙafafu ba su cika ba. A asibiti akwai magungunan amai da na ƙwarnafi waɗanda aka tabbatar ba su cutar da ciki. Sai dai na ƙwarnafi ba a haɗa shi da ƙwayar ƙarin jini, a bar awa 2 tsakani.

Akwai kuma lokacin da taimakon gida ba ya isa. In mace ta yini ta kwana ko ruwa bai zauna mata ba, ko fitsarinta ya ragu ya yi duhu, ko tana jiri, ko aman da jini, ko da zazzaɓi, to, a kai ta asibiti ranar nan. Haka in ciki ya wuce wata biyar ta ji ciwo ƙarƙashin haƙarƙari, tare da ciwon kai mai tsanani, da kumburin fuska, da gani dishi-dishi. Kada a ce ƙwarnafi ne, don yana iya zama mafarin jijjiga, wadda ke kashe uwa da ɗa.

Mu ɗalibai muna da namu aikin. Ni na karɓar wa Yaya girki da daka, don hayaƙi da ƙamshin suya su ne manyan abokan gabanta. Ƙanena ya ɗauke mata ɗiban ruwa. Kafin in dawo makaranta ta fara cin tuwo, har tana yi mini tsiya wai miyata ba gishiri. Ina roƙon iyayenmu maza su riƙa ba da izini da kuɗin mota a je awo tun cikin yana ƙarami, iyayenmu mata kuma su riƙa tambayar 'ya'yansu a asirce, tun da kunya ba za ta bar su su fara faɗi ba.

Allah ya sauki masu ciki lafiya, amin.

Daga wata ɗaliba 'yar aji biyar