Ko Kun Sani? Wanke Tsohon Kwabo Na Karya Masa Daraja

Masu tara tsofaffin kuɗin ƙarfe suna da ma'auni daga 1 zuwa 70 da suke auna lafiyar kowane kwabo. Wani likita Ba'amurke, William Sheldon, ne ya fito da shi a 1949 domin tsofaffin kwabban tagulla na Amurka. A lissafinsa na farko lambar farashi ce: kwabon da ya samu 70 ya ninka mai lamba 1 sau saba'in a kuɗi. Kasuwa ta daɗe da watsi da wannan lissafi, amma lambobin suka zauna.

Mai lamba 1 ya goge har da ƙyar ake gane shi. Daga 60 zuwa sama kuwa sai wanda bai taɓa yawo a hannun jama'a ba. A can sama ne ake musu, don ƙarzane guda da sai an sa madubin ƙara girma kafin a gan shi na iya sauke lamba ɗaya, farashi ya rikito. Shi ya sa kamfanoni irin su PCGS, da aka kafa a 1986, suke dubawa, su rufe kwabon cikin kwanson roba da lambarsa a jiki.

Abin mamaki, masu tara kwabbai sun fi son dattin shekaru a kan ƙyallin wanki, domin guga na cinye fuskar ƙarfen ta asali. In kun tsinci anini ko kwabo mai huji a adakar kaka, kada ku kai masa toka ko lemun tsami.