Editar Vogue da Hotunan Sansanin Mutuwa

A watan Satumba na 1940, daidai lokacin da jiragen Jamus suka fara yi wa Landan luguden bama-bamai kowane dare, aka naɗa Audrey Withers editar mujallar Vogue ta Ingila, tana da shekara 35. Mujallar kwalliya ce, ta riguna da huluna da jan-baki, a garin da ake tono gawawwaki daga ɓaraguzai kowace safiya. In jiniya ta kaɗa, ita da ma'aikatanta sukan kwashi takardunsu su gangara ɗakin ƙarƙashin ƙasa, aiki ya ci gaba.

Gwamnati ta ƙayyade takardar ɗab'i, kwafi ɗaya ya riƙa yawo daga hannu zuwa hannu. Daga Yuni 1941 tufafi ma sai da tikitin rabo, 66 a shekara, sai Vogue ta shiga koya wa mata gyaran tsohuwar riga. Hukuma ta gane mata sun fi jin maganar mujallar a kan sanarwarta. Da gashin 'yan mata masu aikin ƙera makamai ya riƙa maƙalewa a injina, Audrey aka nema ta mai da gajeren gashi abin yayi.

Babbar kasadarta ita ce Lee Miller, Ba'amurkiya wadda a da ita ake ɗauka hoto da sababbin riguna, daga baya ta riƙe kyamara da kanta. Audrey ta ba ta fili ta bi sojojin Amurka cikin Faransa da Jamus, rahoton fagen fama yana fita a gefen tallan turare. A Afrilu 1945 Lee ta shiga sansanonin Buchenwald da Dachau, ta ɗauki hotunan gawawwakin fursunoni jibge kamar itacen girki. Ta aiko da hotunan tare da saƙon waya, tana roƙon editarta ta yarda cewa wallahi abin ya faru.

A nan jarumar editar ta ja da baya. Vogue ta Amurka ta buga hotunan ɓaro-ɓaro a fitowar Yuni. Audrey ta buga rubutun Lee, amma hoto ɗaya tak ta sa daga sansanonin, shi ma ƙarami. Hujjarta, kamar yadda ta faɗa daga baya, ita ce jama'a na murnar nasara, bai dace a ɗora musu tashin hankali ba.

Ban yarda da hujjar ba. Matan da suka kwana a ramin ɓuya, suka binne 'ya'ya da mazaje, sun isa a nuna musu abin da suka yaƙa. Audrey ce ma ta shekara biyar tana tabbatar da cewa za su iya ɗauka.