Kirsimeti A Ingila: Gwarzon Telebijin Da Jakin Makaranta

Idan watan Disamba ya kama a ƙasar Ingila, sanyi ya tsananta, rana kuma tana faɗuwa tun wajen ƙarfe huɗu na yamma, akwai al'adu biyu da ke tara iyali wuri ɗaya kafin ranar Kirsimeti. Ta farko ita ce zaɓen gwarzon wasanni na shekara a telebijin, ta biyu kuwa wasan kwaikwayon haihuwar Annabi Isa da yara ke yi a makarantun firamare. Dukansu biyu magana ɗaya suke tayarwa, watau wa za a fito da shi gaban jama'a a yi masa tafi.

Gidan telebijin na BBC ne ya soma zaɓen gwarzon a 1954, masu kallo suna aika sunan wanda suke so a kan katin gidan waya. A ran 6 ga Mayu na shekarar nan Roger Bannister ya yi gudun mil ɗaya a Oxford cikin ƙasa da minti huɗu, abin da ba a taɓa yi ba a duniya. Amma da aka ƙidaya ƙuri'u sai Christopher Chataway ya zo na ɗaya, shi kuwa yana cikin waɗanda suka share wa Bannister fage a wancan gudu. Dalili shi ne a watan Oktoba jama'a sun ga Chataway a telebijin, kai tsaye, ya tsere wa Vladimir Kuts na Tarayyar Sobiyet a gudun mita 5,000 a London. Gani ya kori ji.

Tun daga nan kyautar ta zaga hannuwa iri iri. Gimbiya Anne ta samu a 1971 saboda sukuwar doki, 'yarta Zara kuma a 2006. Daley Thompson, wanda mahaifinsa ɗan Nijeriya ne, ya karɓa a 1982. Andy Murray, ɗan wasan tanis, sau uku ya ɗauka, a 2013 da 2015 da 2016. Kusan kowace shekara mutum ɗaya ke tafiya gida da babbar kyautar, gardama kuma ta biyo baya a jaridu.

Wasan makaranta ya girme wa telebijin nesa ba kusa ba. Ana danganta asalinsa ga Waliyyi Francis na Assisi, wanda a 1223 ya shirya sakarkari da sa da jaki masu rai a ƙauyen Greccio na Italiya, don talakawan da ba su iya karatu ba su ga labarin da idonsu. A makarantun Ingila yara ne ke fitowa a matsayin Maryamu da Yusufu da mala'iku da masu hikima uku, bisa yadda Kiristoci suka ruwaito. Makiyaya kan ɗaura tawul ɗin goge kwanuka a ka, ya zama rawani.

A nan ma akwai zaɓe, har da ɓacin rai, gama yarinya ɗaya ce za ta zama Maryamu cikin aji mai yara kamar talatin. Sai dai malamai sun samo dabara. Sukan ƙara tumaki da taurari da raƙuma har kowane yaro ya sami abin yi, ko da kalma ɗaya ce zai furta. Uwar da ɗanta ya fito a jaki ba ta kallon kowa a dandalin sai shi.

BBC ma ta ɗan karkata ga wannan hanya. Tun 2003 ta ƙara kyauta ta musamman domin masu aikin sa kai, irin waɗanda ke koyar da yara ƙwallo ko iyo a unguwanni ba tare da albashi ba. Yawancin gwarzayen da ake yi wa tafi a daren nan a hannun irin waɗannan mutane suka fara, tun suna shekarun ɗaura tawul a ka.