Gam ɗin ɗaure noti: Ɗigon da ke hana birkin babur kwancewa

Idan bakanike ya sauya fatar birkin babur ko faifansa, aikin ƙarshe shi ne mayar da notunan da ya kwance. A nan ne da yawa ke yin sakaci. Sukan ɗauka cewa matse noti da iya ƙarfin hannu ya wadatar, alhali abin da ke kwance noti a hanya shi ne jijjiga.

A shekarar 1969 wani injiniya Bajamushe, Gerhard Junker, ya nuna cewa idan ƙarafa biyu da noti ya haɗa suna gocewa juna, ko da kaɗan ne, notin yakan riƙa juyawa baya da kansa har ya saki. Babur mai bin hanya mai ramuka da gargada yana shan irin wannan jijjigar kullum. Ga kuma zafin da birki ke yi yana hucewa, wanda ke sa ƙarfe buɗewa da tsukewa. Idan notin da ke riƙe da matsen birki, wato kalifa, ya fice ana cikin tafiya, birki na iya ƙin ci, ko kuma matsen ya karkace ya cije taya.

Maganin da masu ƙera babura da dama ke bayar da umarnin amfani da shi wani ruwan gam ne da ake ɗiga wa zaren noti. Wani malamin kimiyyar sinadarai a Amurka, Vernon Krieble, shi ne ya samar da shi a shekarun 1950, kuma sunan da ya fi shahara a kansa shi ne Loctite. Bambancinsa da sauran gam shi ne, muddin iska na taɓa shi yana nan a ruwansa. Sai ya shiga tsakanin zaren ƙarfe, inda iska ba ta kaiwa, sannan ya daskare ya cike 'yan gurabun da ke ba noti damar motsi. Yana kuma hana ruwa shiga ya kawo tsatsa.

Launinsa ne ke nuna ƙarfinsa. Shuɗi matsakaici ne, ana iya kwance shi da sifana, shi ya sa aka fi amfani da shi a notunan birki. Ja kuwa na ɗaurin dindindin ne, ba ya sakin noti cikin sauƙi sai an gasa shi da zafin da ya kai kusan digiri 250 a ma'aunin Salshiyas. Irin wannan zafi a kusa da birki zai iya lalata robobin da ke tare man birki, don haka ba a sa ja sai inda littafin babur ya ce a sa.

Kafin a ɗiga, sai an kankare tsohon gam daga zaren, an wanke maiƙo, an bari ya bushe, domin ba ya kama ƙarfe mai datti yadda ya kamata. Ɗigo ɗaya ko biyu sun isa. Daga nan a ɗaure da sifana mai auna ƙarfin matsi, gwargwadon adadin da kamfani ya rubuta, domin gam ba ya maye gurbin ɗauri na ƙwarai. Yakan fara kamawa cikin mintuna, amma sai bayan awa 24 yake kai cikakken ƙarfinsa.

Akwai wuraren da ba a kai shi. Ba a sa shi a ɗan notin fitar da iska daga birki, ko a notin tiyon man birki, wanda washar tagulla ce ke toshe shi. Kada kuma ya ɗiga a kan faifai, fatar birki ko roba. A babura masu birkin ganga, inda aka huda noti don a zura masa fil, sabon fil ɗin ne makullinsa. Sufa gulu kuwa ba don wannan aiki aka yi shi ba.

Rigakafi ya fi magani. Ya kamata mai babur, musamman ɗan acaɓa da ke ɗaukar rayukan mutane, ya tsaya ya ga yadda aka mayar da notunan birkinsa, ya kuma gwada birkin a hankali kafin ya hau titi.