YADDA ZA A HANA RUWAN SAMA SHIGA ƊAKI TA ƘARƘASHIN ƘOFA

Damina uwar albarka ce, amma a gidaje da yawa na ƙasar nan, da zarar hadari ya taso sai ka ga ana naɗe tabarmi, ana cusa tsumma da buhu a ƙarƙashin ƙyaure. Tsumma kuwa ba ya tare ruwa, shanye shi yake yi ya miƙa shi ciki. An shirya wannan takarda don a bayyana wa jama'a hanyoyin da ruwa ke bi, da maganin kowace hanya.

ƁARNAR DA RUWAN KE YI

Kada a raina ɗan ruwan da ke kwanciya a bakin ƙofa. Shi ne ke ruɓar da gindin ƙyauren katako, ya sa na ƙarfe tsatsa. Danshinsa yana jawo gara, yana lalata hatsin da aka ajiye a ƙasa. A ginin ƙasa kuwa yakan jiƙa gindin bango har ya zaizaye, kuma bangon da gindinsa ya ci ruwa yana iya faɗa wa masu barci. Idan akwai wayar lantarki a ƙasa, hatsarin ya ƙaru.

FARA DA GANO HANYAR RUWAN

Hanyoyi uku ne. Na farko, ruwan da ke malalowa daga tsakar gida ko daga titi, saboda ƙasar waje ta yi daidai da daɓen ɗaki ko ta fi shi tudu. Na biyu, ruwan da ke bugun ƙyaure ya gangaro, ya lanƙwasa ta ƙarƙashinsa ya ɗiga ciki. Na uku, ruwan da iska ke turowa ta ratar da ke tsakanin ƙyaure da daɓe.

A jihohin Arewa hadari yawanci daga gabas yake tasowa da iska mai ƙarfi, don haka ƙofar da ke duban gabas ta fi shan wahala. A Kudu kuwa, kamar Legas da Fatakwal, iskar damina daga teku take busowa, wato daga kudu maso yamma.

Ba sai an jira ruwan sama ba kafin a gwada. Mutum ɗaya ya tsaya ciki, a rufe ƙofa. Wani ya kwarara bokitin ruwa a ƙasa daga waje, a ga inda ya nufa. Bayan wurin ya bushe, sai a zuba ruwa da buta a jikin ƙyauren. Gwajin da ya kawo ruwa ciki, shi ya nuna inda aikin yake.

MAGANIN RUWAN DA KE MALALOWA

1. A gyara ƙasar gaban ƙofa ta gangara waje. Gangaren inci 6 (santimita 15) cikin ƙafa 10 (mita 3) ya isa.

2. A yashe magudanar ruwa da kwata, a kwashe sharar da ta toshe su.

3. Idan indararo ko bakin kwano yana zuba a daidai ƙofa, a karkatar da shi gefe.

4. A gina dokin ƙofa. A sassaƙe daɓen wurin, a wanke, a jiƙa, sannan a kwaɓa awo 1 na siminti da awo 3 na yashi mai tsabta. Tsayin inci 1 zuwa 2 ya wadatar, don kada tsofaffi da yara su yi tuntuɓe. A ba samansa gangare zuwa waje, a riƙa yayyafa masa ruwa har kwana 7 don ya yi ƙarfi.

MAGANIN RUWAN DA KE BIN ƘYAURE

A nan ne mutane da yawa ke asarar kuɗinsu. Idan ƙyaure ciki yake buɗewa, dokin ƙofa yana wajensa ne, don haka ruwan da ya gangaro daga ƙyauren bayan dokin zai sauka, wato cikin ɗaki. Dokin ƙofa kaɗai ba ya maganin wannan.

Sai a sa kafinta ya kafa wani katako a kwance a gindin ƙyaure daga waje, samansa a gangare, bakinsa ya zarce dokin ƙofa ba tare da ya goge shi ba. A ƙarƙashin katakon, kusa da bakinsa, ya fere ɗan siririn kwari daga wannan gefe zuwa wancan. Wannan kwarin shi ke yanke wa ruwa hanya, ya tilasta masa ɗiga ƙasa maimakon ya koma baya. In ƙyauren ƙarfe ne, mai walda zai iya liƙa falle na ƙarfe a gangare. Wanda ke da hali ya kafa 'yar rumfar kwano a saman ƙofar.

MAGANIN RUWAN DA ISKA KE TUROWA

A yanko doguwar roba daidai faɗin ƙyaure. Ana sayar da irinta a shagunan kayan gini, tsohon tib na mota ma yana yi. A danne ta da siririn katako, a kafa a gindin ƙyaure, yadda bakinta zai taɓa ƙasa kaɗan ba tare da ya hana ƙofa buɗewa ba. Ita ce kuma za ta rage shigowar ƙura, da kunama, da sauro.

LOKACIN AIKI

Da rani ake wannan aiki, kafin ruwan farko. A tuna katako yana tsukewa da hunturu, ya kumbura da damina, don haka kada a matse ƙyaure sosai. A shafa masa fenti har ƙarƙashinsa, domin ta nan ya fi shan ruwa. Mai haya ya sanar da mai gida da wuri. Mai sabon gini kuwa ya ɗaga daɓen ɗaki ya fi ƙasar waje da inci 6 ko fiye, domin tun ran gini ran zane.

Jama'a, kuɗin kwanon siminti da ɗan katako bai kai na tada bangon da ya faɗi ba. Wanda ya karanta wannan takarda ya bayyana wa maƙwabcinsa. Rigakafi ya fi magani.