MERRIC BOYD, MAGININ TUKWANEN OSTIRELIYA

Mutane da yawa suna ganin ginin tukwane ba sana'ar mai ilmi ba ce. To, ga labarin wani Bature wanda ya rungume ta, har aka kira shi uban maginan tukwanen ado na ƙasarsu.

An haifi Merric Boyd cikin 1888 a St Kilda, wata unguwa ta birnin Melbourne. Ubansa da uwarsa duka masu zanen hoto ne. Da fari ya gwada aikin gona, bai karɓe shi ba, sai ya koma ga yumɓu. Cikin 1912 ya fara baje tukwanensa a Melbourne, cikin 1913 kuwa ya kafa gida da wurin aiki a Murrumbeena, bayan gari.

A zamanin nan galibin kayan tangaran na gidajen Ostireliya daga Ingila ake kawo su. Shi kuwa Boyd sai ya dubi dajin ƙasarsu. Yakan gina buta, ya yi mariƙinta kamar reshen itacen turare wanda iska ta tanƙwara, watau itacen nan da ake dasawa a gandun daji a nan Arewa, asalinsa kuwa daga can ne. Wani lokaci ya ɗora siffar koala, wata 'yar dabba mai cin ganyen itacen. Cikin 1915 ya auri Doris Gough, ita ma mai zane ce, ta riƙa yi wa tukwanensa ado.

Lokacin Yaƙin Duniya na Farko ya shiga soja aka kai shi Ingila, ya ƙaro sani a Stoke-on-Trent, garin maginan tangaran, ya komo gida cikin 1919.

Sai ga jarraba. Cikin 1926 gobara ta cinye wurin aikinsa. Ga ƙarancin kuɗi, ga kuma farfaɗiya da ta matsa masa daga baya. Duk da haka bai yar da sana'arsa ba, da ƙarfi ya ragu kuwa sai ya duƙufa ga zane a takarda, har ya rasu cikin 1959. 'Ya'yansa Arthur da Guy da David duk sun taɓa yumɓu, Arthur kuwa ya zama ɗaya daga cikin manyan masu zane na Ostireliya.

Malaman makaranta, in kun ga yaro yana wasa da laka, kada ku yi saurin tsawata masa. Ku fara duban abin da ya gina tukuna.