Jaji da Uwar Ɗaki: Riƙon Hannun Mata Masu Neman Ilmin Kimiyya a Jami'a

Unguwar Boro tana kudancin kogin Kaduna, daura da Sabon Tasha, a bisa hanyar da ta nufi matatar mai da Kachiya. Macen da ke zaune can, in ta shiga neman digiri na biyu a fannin kimiyya a Jami'ar Jihar Kaduna, wadda aka kafa a 2004, sai ta haye gada da safe, ta sake hayowa da maraice. In kuwa Jami'ar Ahmadu Bello ce ta ɗauke ta, to, akwai tafiyar kimanin kilomita 80 tsakaninta da Zariya. Nisan hanya kuwa shi ne mafi sauƙi a cikin wahalolinta.

Ɗalibar tarihi ko ta harshe tana iya kwasar littattafanta ta tafi gida, ta yi karatu bayan yara sun yi barci. Ta kimiyya ba ta da wannan dama, domin aikinta a ɗaure yake da ɗakin gwaje-gwaje. Ƙwayoyin cutar da ta shuka ba su san ranar suna ba, sai an duba su a kan lokacinsu. In wuta ta ɗauke, abin da ta ajiye cikin firiji ya lalace, aikin wata uku ya koma baya. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 wata takwas ya ci, ga shi kuwa shekarun wannan karatu su ne shekarun aure da haihuwa da goyo.

Ko wace ɗaliba ana ba ta malami mai duba aikinta, amma kundin da take rubutawa shi ne hakkinsa, ba zamanta na gida ba. Galibi kuma namiji ne. Kunya ba ta bari ta ce da shi tana da juna biyu, ko kuwa maigida ya fara ƙorafin dawowar dare. Saboda haka sai ta riƙa ɗauke ƙafa sannu sannu, har a nemi sunanta a rasa, ba wanda ya kore ta, ba kuwa jarrabawar da ta faɗi. Wannan giɓi shi ne ƙungiyar riƙon hannu ke nufin cikewa, watau a haɗa ɗaliba da wata mace da ta riga ta bin hanyar.

Turawa suna kiran mai wannan aiki da sunan Manto, wani dattijo a tsohon labarin Girkawa, wanda sarki ya bar wa amanar ɗansa da zai tafi yaƙi. Hausa ba ta bukatar aro a nan, tana da kalmomi biyu. Ta farko ita ce uwar ɗaki. Irin wannan zumunci na babba da ƙarama tsoho ne a tsakanin mata, littafin Baba ta Karo ma, wanda Mary Smith ta buga a 1954, ya bayyana ire-irensa a ƙasar Zazzau. Amma fa kalmar tana ɗauke da wani nauyi: 'yar ɗaki hidima take yi, ana saka mata da alheri. In aka kai wannan ma'ana jami'a, ba wuya ɗaliba ta koma mai duba wa malama takardun jarrabawa da ɗauko mata yara daga makaranta, nata aikin kuwa yana kwance.

Ta biyu ita ce jaji, ita ce kuma ta fi dacewa. Asalinta kalmar fatake ce, ana faɗinta ga mai jan ayari. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ita ta mayar da ita kalmar ilmi. Ta lura matan ƙauye masu aure ba su da halin barin gidajensu su zo Sakkwato karatu. Sai ta zaɓi dattijai mata masu hankali, ta naɗa ko wacce jaji, ta ɗora mata malfa, ta ɗaure da jan ƙyalle. Jaji takan taho da ayarin tsofaffi da 'yan mata, su ɗauki karatu a wurin Nana, su koma su sanar da waɗanda suka bari a gida. Su ne ake kira 'yan taru. Bayan rasuwar Nana, ƙanwarta Maryamu ta ci gaba da riƙon abin.

Abu uku ke cikin wannan tsari da ya kamata malamai su lura da su. An gina shi ne a kan halin da mata suke ciki, ba a jira sai halin ya sake ba. Jaji kuma ba ita ce malama babba ba, tsani ce tsakanin babba da na baya, ta san hanya domin ta taka ta da ƙafarta. Sa'an nan ga naɗi a gaban jama'a, wanda ya sa aikin ya zama muƙami, ba taimakon ganin dama ba. Wannan na ƙarshe shi ne jami'o'i suka fi sakaci da shi, don malamar da ta ɓata lokacinta a kan ɗalibai mata ba a cika lissafa mata shi ranar ƙarin girma ba.

Abin mamaki, shirin AWARD na mata masu binciken aikin gona a Afirka, wanda aka fara a 2008 a Nairobi ta ƙasar Kenya, kusan wannan sawu ya bi. Akan haɗa matashiya da wanda ya ƙware har shekara guda, daga baya ita ma a sa ta ta riƙe wata ƙarama.

Matan da suka isa a naɗa su jaji kuwa akwai su a Arewa. Ga Farfesa Rabi'a Salihu Sa'id ta Jami'ar Bayero, masaniyar yanayin sararin samaniya. An yi mata aure bayan sakandare, ba ta shiga jami'a ba sai tana da shekara 29, da 'ya'yanta. A 2015 tana cikin mata biyar na ƙasashe masu tasowa da aka ba lambar yabo ta Gidauniyar Elsevier. Ɗaliba mai goyo in ta zauna da irinta, za ta ji abin da mai duba kundi ba zai faɗa mata ba: yadda ake neman hutun haihuwa a rubuce kafin wa'adi ya ƙare, da inda ake samun tallafin kuɗi, da yadda ake amsa wa masu tace muƙala in sun dawo da ita, da kuma lokacin da ya kamata a nemi wani babba ya yi magana da maigida.

A Kaduna akwai wani sharaɗi na daban. Tun bayan rikicin 2000 kogi ya zama kamar iyaka, Musulmi suka fi yawa a arewa, Kirista a kudu. Ƙungiyar da ta riƙa taro da maraice a arewacin gari kawai, ta rufe wa 'yar Unguwar Boro ƙofa ba da niyya ba, domin ita sai ta nemi mota kafin duhu. Dabara ita ce a sa taro da rana cikin jami'a, a kuma naɗa jaji a ko wane ƙetare, yadda mai zuwa daga Kakuri ko Sabon Tasha za ta sami wadda za su hau mota ɗaya da ita.